Mai sikila a tsakiyar yajin aiki: laccar da aka yi wa masu fodkas a Gombe

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku aka ba ni: wariyar da ake nuna wa masu larura, abin da doka ta ce, sai ku masu fodkas da yajin aikin ma'aikata.

Na farko, bari in ɗauki sikila. Duk duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 duk shekara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba ya ciwon. Ku ƙirga mutanen layinku. A'a Malam, ban ce ka kalli matarka ba! Idan AS ya auri AS, kowane ciki, ku ji da kyau, kowane ciki yana iya zuwa da SS, wato mai sikila, ɗaya cikin huɗu. Ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun kuɓuta ba. Amma da yaro ya fara kumburin hannu, sai dangin miji su ce daga gidan matar ne. Jama'a, rabi daga uba ne. Rabi daga uba!

Yaron nan ya shiga makaranta, hunturu ya kama, ciwo ya tashi, don sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro su ne ke tayar da shi. Ya yi sati bai zo ba, malami ya ce rago ne. Ya daure ya gama karatu, ya ci jarrabawar ɗaukar aiki, aka tura shi gwajin lafiya, daga nan shiru kake ji. Ya je neman aure, a ce wannan ai ba mai nisan kwana ba ne, kamar su ke riƙe da ajali. Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa a asibiti yake. Mutum yana murƙususu, ƙashinsa kamar ana sara, ya roƙi allurar kashe zafi, sai a yi masa kallon ɗan ƙwaya. Mu ma'aikatan lafiya muke yin wannan. Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, na yaba, amma waɗanda aka riga aka haifa fa? Gwaji bai ce a wulaƙanta su ba.

Lokaci yana gudu. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, a daina gudu a bar mutum a ƙasa. Kuturta tana warkewa, maganin kyauta ne. Doka kuma akwai ta: ta 2014 ta hana a ce sai an yi wa mutum gwajin ƙanjamau kafin a ɗauke shi aiki, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Ina ake bi? Ku ne masu makirfo, ku je ku tambaya.

Na huɗu, ko na uku ne? Ku dai. A 2023 marubutan fim da talabijin na Amurka suka shiga yajin aiki daga Mayu zuwa Satumba. Manyan masu gabatar da shirin dare su biyar, abokan gasar juna, suka haɗu suka buɗe fodkas, kuɗin da ya shigo suka ba ma'aikatansu da ke zaune babu albashi. Ban ce kuna da irin kuɗinsu ba, na san da katin data ake fama. Amma lokacin da ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta yi wata takwas tana yaji a 2022, ku nawa kuka zaunar da malami ya faɗi albashinsa da bakinsa?

(Wata mata daga cikin taro: Malam, ɗana mai sikila ne. Da likitoci suka yi yajin 2021 a asibitin kuɗi muka ƙare, sai da na sayar da akuyoyina. Yaya za a ce in goyi bayansu?)

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki. Ba zan ce ki goyi bayan kowa ba. Yajin nan ya kai wata biyu, daga Agusta zuwa Oktoba, kuma irinku ne kuka fara ɗanɗanawa, mai kuɗi ya tafi Abuja ko Masar. Sai dai likitan ma yana bin albashi, alawus ɗin haɗarinsa a lokacin naira 5,000 ne a wata, abokansa suna ta tafiya Saudiyya da Ingila. In ya tafi, wa zai duba ɗanki? Ni ra'ayina, ko ana yaji a bar sashen gaggawa da na ƙarin jini a buɗe, kuma ƙungiyoyin su ji wannan daga bakinki, ba daga nawa ba. Wa zai haɗa Hajiya da likita a shiri ɗaya? Kai mai jar hula? To ku haɗu a bakin ƙofa bayan la'asar.