Git ya cinye min RAM, ina mafita?

Auwal: Jama'a barkanmu da warhaka, yau Sadiya ce ta zo da kuka, wai Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod, ya kusa kashe mata laftof.

Sadiya: Ba wai ba ne wallahi. Daren jiya na buga git gc --aggressive, umarnin da ke tattara fayilolin Git ya matse su cikin fakiti, injin nawa RAM giga 4 ne, fanka ta kama ihu komai ya daskare, can sai Linux ya kashe aikin da kansa. Ni dai zlib na zarga tunda shi ke matse fayilolin.

Auwal: Kin ɗauki alhakinsa, zlib tagarsa kilobait 32 ce kacal, me zai ci? Delta ne ɓarawon. Git jera fayiloli masu kama da juna yake yi, ya ɗauki ɗaya ya gwada da maƙwabtansa don ya adana bambancin kawai, maƙwabtan da yake gwadawa da su kuwa su ne tagar delta, kuma duk wanda ke cikin tagar nan sai an warware shi gaba ɗaya a RAM kafin a gwada. A ka'ida fayil 10 ne a tagar, aggressive ɗin da kika sa kuwa 250.

Sadiya: Ikon Allah.

Auwal: Tsaya ma, kowane zaren aiki, wato thread, layin aikin da ke tafiya lokaci guda da sauran, tagarsa daban, Git kuma yana buɗe zare daidai da yawan koa ɗinki, wato core ɗin da ke cikin processor. Nawa gare ki?

Sadiya: 4. Kenan fayil 1000 lokaci guda?

Auwal: Zai iya kaiwa. In rubutun kod ne ba matsala, ƙanana ne. Me kika zuba a ciki?

Sadiya: Hmm, akwai 'yan bidiyoyi da hotunan zane.

Auwal: Ashe dai. To ki sa pack.windowMemory, wato iyakar RAM ɗin da tagar za ta ci, a mega 100, amma ki kula na kowane zare ne ba jimilla ba, nan mutane ke faɗawa, don haka ki mayar da pack.threads, wato yawan zaren, 1 ko 2. Sai core.bigFileThreshold, asalinsa mega 512, sauke shi zuwa 50, duk abin da ya wuce haka ba za a nema masa delta ba. Bidiyo dama a matse yake, wahalar banza ce.

Sadiya: Amma fakitin zai ƙara girma ko?

Auwal: Kaɗan, kuma zai ɗan daɗe. Ni gara haka da aikin ya mutu a hanya. Bidiyoyin kuma ki kai su Git LFS, wato tsarin ajiye manyan fayiloli a wani wuri daban.

Sadiya: Wa zai goge su daga tsohon tarihin?

Auwal: Kai, wannan rigimar sai mako mai zuwa.