Ranar da kifi ya hau kan sarki

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla.

Abu uku zan faɗa game da kan sarkin da ake manna wa wasiƙa da halittun ruwan da ke jikinsa. Na farko, sunan kansa. Muna cewa kan sarki don kan mai mulki ake bugawa, tun wanda Ingila ta fara fitarwa a 1840 da kan Sarauniya Biktoriya. Sai ga Niyufanlan, wadda yanzu take cikin Kanada, a 1865 ta buga kifin kod a na santi biyu, don da shi mutanenta suke ci suke sha. Kifi ya yi sarauta ke nan. (Dariya)

Na biyu, wannan kan sarkin da ke hannuna. Ku miƙa shi baya, amma don Allah ya dawo. Na tsibiran Komoro ne, 1954. Kifin da ke jiki, masuntan can gombesa suke ce masa. Masana a jikin duwatsu kawai suka san shi, sun ɗauka ya ƙare fiye da shekara miliyan 60. Miliyan fa na ce! Kwatsam, a Disamban 1938, jirgin masunta ya jawo shi kusa da Is Landan a Afirka ta Kudu. Wata ma'aikaciyar gidan tarihi, Marjorie Courtenay-Latimer, ta ga ƙayoyinsa masu tsoka kamar ƙafafu, ta ce a'a, wannan ba na miya ba ne. A tasi ta kai shi gidan tarihin. Ku tausaya wa direban. Farfesa Smith, masanin kifaye, ya tabbatar da shi, ya sa ladan fam 100 ga wanda ya kawo wani. Shekara 14 yana jira, shekara 14! Sai a 1952 aka kama na biyu a Anjuwan, ɗaya daga tsibiran Komoro, har Firayim Ministan Afirka ta Kudu, Malan, ya ba Smith jirgin saman soja ya je ya ɗauko. Masuntan kuwa da ma sun san abinsu, ba sa son namansa don maiƙo.

Na huɗu… na uku ko? Ciyawar teku da murjani ne, amma lokaci ya ƙure, ba za mu yi maganarsu ba. Banuwatu ma, ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, tana da gidan waya a ƙarƙashin ruwa tun 2003.

Na'am, Hajiya?

Tana tambaya ko namu na gida sun samu shiga. Sun samu, Hajiya. Nijar ba ta da teku, amma ta buga ayu, wanda ke kogin Kwara da Binuwai, ɗan uwan na bakin teku. Wa ke riƙe da gombesata?