Attajirin da finafinansa uku na farko duka suka ɓata

Ka ce kakanka ya rasu ya bar maka dala miliyan ɗaya. Ba ka gama murna ba sai ga wasiyyar kawunka, wanda ba ya ga maciji da kakan: akwai miliyan bakwai, amma sai ka cinye waccan miliyan ɗin tas cikin shekara guda. Ba a yarda ka rage kadara ba, ba a yarda ka rabar da ita duka sadaka ba, kuma bakinka alekum, ba mai jin dalili. Abokai na ganin ka zautu, kai kuwa duk inda ka zuba kuɗi don su lalace, sai su dawo da riba.

Wannan shi ne labarin Brewster's Millions. George Barr McCutcheon ya rubuta littafin a 1902, aka mai da shi wasan daɓe a New York a 1906, Edward Abeles na jan ragama. A 1914 kamfanin fim na Jesse Lasky ya ɗauko Abeles ɗin dai ya sa shi gaban kyamara. Mutumin da ya saba ba da dariya da baki, yanzu sai da fuska da hannu, don fim ɗin marar magana ne, maganar kuma a rubuce a jikin allo.

Yau ba wanda zai iya nuna maka wannan fim. Aka sake yi a 1921 da Roscoe Arbuckle, shi ma ya ɓata. A 1926 aka mai da attajirin mace, Bebe Daniels ta fito a matsayinta, shi ma ya ɓata.

Laifin na zaren fim ne da na masu shi. Sinadarin naitiret ake yin zaren da shi: ya kama wuta kamar fetur, in an ajiye kuma ya narke ya zama gari. Da fim mai magana ya shigo a 1927, kamfanoni suka ga tsofaffin sun zama tarkace, wasu ma aka narka don a tatsi azurfar da ke jiki. Binciken Laburaren Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya ce kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓata ɗungurungum.

Wanda za ka samu cikin sauƙi shi ne na 1985, na Richard Pryor. A can an ƙara farashi: miliyan 30 cikin kwana 30.