Lacca: A Gwada Ruwa Kafin a Sayo wa Kifin Ado Magani

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tambayar da masu kiwon kifin ado suka fi yi ita ce: "Kifina ya yi fari-fari a jiki, wane magani zan zuba?" Ni kuwa nakan ce, yaushe rabonka da gwada ruwan?

Jikin kifi lulluɓe yake da yauƙi, shi ne garkuwarsa. Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai dafi, ta wurin numfashinsa, ga kashi, ga ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasan tanki. Akwai bakteriya masu amfani da ke zaune cikin filta, wato matatar ruwan tanki, su ke mayar da amoniya naitirayit, sannan naitirayit ya koma naitiret. Kafin su kafu a sabon tanki sai an yi mako 4 zuwa 6. Wanda ya cika tanki da kifi tun makon farko, to amoniya za ta taru ta ƙone fatarsu. Sai ka ga jajayen layuka a fukafukai, yauƙin ya yi kauri ya dushe, kifin ya hau saman ruwa yana haki. Naitirayit kuwa jini yake kamawa, ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, har wurin numfashi ya koma ruwan ƙasa.

To ku riƙe waɗannan lambobi na gwajin ruwa. Amoniya sifili. Naitirayit sifili. Naitiret kada ya wuce 40 ppm, wato kashi 40 cikin miliyan, ƙasa da 20 ya fi. Ku duba pH ma, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, domin in ya yi sama kuma ruwan ya yi ɗumi, dafin amoniya yana ƙaruwa.

Yanzu yaya za a bambanta matsalar ruwa da cuta? Ku lura da kifi nawa abin ya kama, da saurin da ya zo. In duk tankin ya birkice dare ɗaya, kowane iri na kifi yana goga jiki a dutse, ruwa za ku fara zargi, musamman in an zuba ruwan famfo ba a kashe kulorin ba, wato sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, ko an wanke filta. In kuwa ɗigo ne farare rarrabe, kamar an barbaɗa gishiri, suna ƙaruwa kullum daga wannan kifi zuwa wancan, wannan ƙwayar cuta ce mai suna Ichthyophthirius, kuma galibi sabon kifi ne ya shigo da ita. Farin gashi-gashi a kan rauni funfuna ce, Saprolegnia, wadda ta fi samun shiga inda fata ta riga ta ji ciwo. Ana yawan rikita ta da kolumnaris, wadda bakteriya ce, tana cin baki da gadon baya, kuma tana kisa da sauri a ruwa mai ɗumi. Zagwanyewar jela kuwa, kusan kullum ƙazamin ruwa ne mafarinta.

(Wani daga cikin mahalarta ya tambaya ko ba gara a zuba magani ba tun da ba zai cutar ba.)

A'a malam, yana cutarwa. Wasu magungunan suna kashe bakteriyar filta, sai amoniya ta ƙara hawa a kan kifin da ya riga ya galabaita. Mai jan ƙarfe a ciki kuma yana hallaka dodon koɗi da jatan lande. In gwaji ya nuna amoniya ko naitirayit, canza rabin ruwan da sabo mai ɗumi iri ɗaya wanda aka kashe wa kulorin, ka rage abinci, ka ƙara kumfar iska, gobe ka sake gwadawa. Soson filta kuma a ruwan da ka kwaso daga tankin za ka matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

In ɗigon nan farare ne da gaske, sai an haɗa da magani, kuma kada ka tsaya don ɗigon sun ɓace. Ƙwayar tana ɓoye cikin fata inda magani ba ya kai mata, sai lokacin da 'ya'yanta suka fito suna yawo a ruwa ake samun su. Akwai wata tambaya a can baya?