Ɗakin ajiyar kaya a wurin taro: lokacin tashi ake ma shiri

Wagga lacca an yi ta a Birnin Kebbi ga 'yan agaji da masu kula da hol-hol na biki, na kwafo ta daga rikodin na waya, na cire gaisuwar farko da inda hayaniya ta rufe magana.

To jama'a, bismillah. Abin da za mu tattauna yau ƙarami ne a ido, ɗakin da ake amsar kayan mutane a aje musu in sun zo taro. A ƙasashen sanyi irin Ingila da Rasha kusan kowane gidan kallo da gidan tarihi yana da shi, don mutum ya shigo da ƙatuwar kwat mai nauyi, ciki kuma da ɗumi, dole ya tuɓe ya bada a rataye masa. Mu nan Kabi ba kwat ce damuwarmu ba sai ɗan lokacin hunturu da ake sa jaket da rigar sanyi. Namu kayan su ne takalmi, jaka, waya, fawa banki, hular kwano ta masu mashin, wani lokaci babbar riga in zafi ya ishi mai ita. Amma matsalar guda ce, can da nan.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don shi ya sa na ɗauki abin ga da muhimmanci. Wata walimar saukar karatu ce anka ba ni kula da kayan baƙi, a wani hol da ba sai na faɗi sunansa ba. Munka samu ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, yara biyu, da littafi muna rubuta suna. Da safe komai lafiya lau, mutane na zuwa ɗai-ɗai, bibbiyu, har muna hira. Ana shafa fatiha kowa ya miƙe lokaci guda. Wallahi ban manta ba, wata dattijuwa ta tsaya cikin rana kusan awa tana jiran wata 'yar jaka baƙa da maganinta na hawan jini ke ciki, mu kuma baƙaƙen jakunkuna sun fi talatin a ƙasa an jibge su kan juna, yaron ya ɗago wagga ta ce ba ita ba, ya ɗago waccan ta ce ba ita ba. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi "ɗana ka bi a hankali", kuma wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Daga ranar na gane inda kuskuren yake. Mun shirya ma shigowa, ba mu shirya ma tashi ba. Shigowa tana ɗaukar awa biyu ko uku tana bazuwa, tashi kuwa minti goma ne, kowa na son kayansa yanzu-yanzu don ɗan kabu-kabu na jiransa ko magariba ta kawo jiki. Duk abin da za ku gina, kanta ce, taga ce, lamba ce, ku tambayi kanku ya za ta yi aiki a waɗannan minti goman.

Mu yi lissafi tare, ku fiddo waya. Taro na mutum 600, mu ce rabi sunka aje kaya, 300 ke nan. In kowane mutum yana cin daƙiƙa 30 a taga kafin a miƙo masa kayansa, 300 sau 30 daƙiƙa 9,000, minti 150, awa biyu da rabi ke nan ga taga ɗaya. Na ƙarshe a layi sai ya yi awa biyu da rabi! In ka buɗe taga biyar ya koma minti 30. In kuma ka rage daƙiƙa 30 ta koma 15, ya zama minti 15. Wanga lissafi na layi ba yau anka fara shi ba, wani injiniya ɗan Denmak mai suna Erlang ya fara rubuta shi a 1909 yana aiki kamfanin tarho na Kofanhegan, yana son sanin layukan waya nawa za su ishi masu kira. Abu biyu kawai kake iya taɓawa, yawan taga da daƙiƙar da kowa ke ci.

To ina daƙiƙun ke tafiya? Ba wajen miƙa kaya ba. Wajen nema ne da tafiyar yaron daga taga zuwa ƙuryar ɗaki ya dawo. Saboda haka littafin suna ku aje shi gefe. Suna ba ya gaya maka inda kaya yake, kuma a taro ɗaya sai ka samu Abubakar goma sha biyu. Abin da ke aiki shi ne lambar da ke hannun mai kaya ta zama ita ce lambar gurbin da kayan ke ciki. Kafinta ya yi maka kanta mai gida-gida awa na tantabara, kowane gida da lambarsa a rubuce manya da fenti, a jere daga hagu zuwa dama, 1 zuwa 20 layin sama, 21 zuwa 40 na ƙasa da shi, haka. Yaro ya ga 47 ƙafarsa ta san inda za ta tun kafin ya juya. Kuma kar kanta ta wuce inda hannu ke kaiwa, duk gurbin da sai an taka kujera to ka ƙara daƙiƙa ashirin ga kowa da ke bayan wannan mutumin.

Ita lambar kanta akwai abin lura. Takarda tana jiƙewa da zufa a aljihu ta yage, mata kuma galibi ba su da aljihu. Ni abin da na koma yi, 'yan faifan roba masu kauri da zaren roba da ake sa wa a wuyan hannu, ana wanke su a sake aiki da su. Kuma ku ja layi ƙarƙashin lamba. 6 in ta juye 9 ce, 16 ta zama 91, 68 ta zama 89, na ga rigima sosai a kan wannan ɗan abin, mutum biyu kowa da gaskiyarsa.

Sai raba taga. A rubuta saman kowace taga da manyan lambobi, 1 zuwa 100 nan, 101 zuwa 200 nan, kowane yaro da kantarsa a bayansa taku biyu ko uku, ba mai ratsa wani. Amma ga inda mutane ke faɗawa, in ka cika taga ta farko kafin ka buɗe ta biyu, to waɗanda sunka zo tare a mota ɗaya duk suna taga ɗaya, kuma tare za su tashi, sai ka ga layi guda ya kai bakin titi sauran tagogin ba kowa. Tun da safe a riƙa watsa su, wanga nan, wancan can. Ɓangaren mata kuma daban da ƙofarsa, mata ke amsa mata ke miƙawa, wannan ba sai na tsaya bayani ba kun san garinmu.

Yanzu inda za a sa ɗakin, nan nake son ku saurara da kyau don nan ne maganar rai take. Kar a sa shi bakin ƙofar fita. Na san abin da ke sa a yi haka, ana ganin ya fi sauƙi mutum ya amsa ya wuce. Amma masu jiran kaya za su tsaya, masu fita na turowa daga baya ba su san abin da ke gaba ba. A garin Sandalan na Ingila, 1883, a wani hol da ake kira Victoria Hall, anka ce ma yara za a raba kyauta bayan wasa, sunka ruga kan matakala, ƙofar ƙasa an sa mata sakata an bar ɗan wurin da yaro ɗaya zai wuce. Yara 183 sunka rasu a wurin, ba wuta ba rushewar gini, matsi kawai. Bayan wannan ne anka matsa a kan ƙofofin fita su riƙa buɗewa waje da turi ɗaya. To rabon kaya a ƙunci shi ne haɗarin, ko kyauta ce ko takalminka ne. A ja ɗakin gefe, layinsa ya bi jikin bango, hanyar fita ta zauna fili, kuma wanda ya amshi kayansa ya fita ta wata hanya kar ya juyo ya yi karo da masu jira. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ake yi tun 1934, ya ga yadda dubban mutane ke motsi lokaci guda in an ba da alama, ya san jama'a in ta taso ba a tare ta da baki.

Waya kuma nata daban ne. Tunda JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kuma ba a shiga da waya ko agogo, kun ga yadda ake yi a bakin santocin jarrabawa, yara na ba mai shago ko duk wanda sunka gani. In za ku amshi waya, a kashe ta gaban mai ita, a sa ta leda ko ambulan mai lamba, a duba gilashin tare in da tsaga a nuna masa tun yanzu. Kuma ku tuna zafin garin ga, watan Afrilu muna wuce digiri 40, ɗakin kwano ba silin ya fi haka nesa, batirin waya da fawa banki ba sa son zafi, suna kumbura har su kama wuta. Kar a jibge su cikin kwali guda ƙarƙashin kwano. Inuwa, iska, da bokitin yashi kusa. Kuɗi da zinari kuwa ni ba na amsa sam, kuma ina rubutawa a allo kowa ya gani.

Wani zai ce to in abu ya ɓace fa, wa zai biya? Malamanmu na fiƙihu suna kiran wanga ajiya wadi'a, kuma asalin hukuncin wanda anka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya taɓa abin da ba a ba shi izini ba. To ɗakin da ba ƙofa, ko kowa na shiga yana fita, ko yaro ya tafi cin abinci ya bar taga, mi za ka kira shi in ba sakaci ba? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai yi hijira ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar da yawa ba su ma yi imani da shi ba. Ni wannan nake gaya wa yarana kafin mu buɗe taga.

(Nan wani daga cikin 'yan agaji ya yi tambaya, ya ce malam in mutum ya yar da lambarsa fa?)

Madalla, wannan kullum sai ta faru. Kar ka tsaida layi dominsa, kuma kar ka bar shi ya leƙa ciki ya nuna da yatsa, don mai nunawa da yatsa kowa na iya zama. Ka ce ya koma gefe da mutunci, ka ba shi kujera in dattijo ne, sai layi ya ƙare. Sannan ya faɗi kamar kayan da abin da ke ciki tun kafin ya gani, in waya ce ya kunna ya buɗe ta da kansa gabanka, ka rubuta sunansa da lambar wayarsa ya sa hannu. Nan ne littafin nan da na ce a aje gefe yake da amfani. Gurbin kuma a toshe shi da tsumma har a gama, saboda in wani ya tsinci lambar ya zo da ita yaron ya san an riga an bada.

Na ji an fara kiran la'asar. Masu hol ku tsaya bayan salla, na zo da tef, za mu auna wancan ɗakin na gefen ƙofa mu ga taga nawa zai ɗauka.