Daga Kano Zuwa Tsaunin Mambila a Mota: Inda Ake Tsayawa da Inda Ake Takawa da Ƙafa

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wuri a ƙasar nan da mutum zai kwana lulluɓe da bargo a watan Maris, daidai lokacin da Kanawa ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida suna fifita. Tsaunin Mambila ke nan, a jihar Taraba. Daga Kano tafiyar ta haura kilomita 1,000. Direban haya mai zafin ƙafa zai cinye ta a kwana biyu, amma ni shawarata a ba ta kwana biyar ko shida, don wanda ya yi ta da gudu kwalta kawai zai ba da labari.

Ga yadda hanyar take. Ka fito ta Wudil, ka sauka Birnin Kudu, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin duwatsu. Daga nan sai Ningi, sai Bauchi. Ka leƙa kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan da aka kashe a Janairun 1966, ka yi masa addu'a, ka kama hanyar Gombe. A Dindima za ka karya kwana zuwa Yankari.

An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Wanda ya zo don giwa da ɓauna da gwanki, ya zo ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Dalili kuwa, a lokacin ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabba ta gangaro kogin Gaji shan ruwa. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsayi, sai ka yini kana zagaye ba ka ga ko wutsiya ba. Amma ko ba ka dace da giwa ba, ruwan Wikki ya biya ka. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, har kana hango farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, kuma ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana. A dai rufe gilashin mota. Gwaggon birin wurin ya san leda, ya san abin da ake sakawa a cikinta, kuma ba ya sallama.

Gombe, Kaltungo da duwatsun Tangale, Numan inda Gongola ke zuba a Binuwai, sai Jalingo. Wannan zangon a wuce shi da rana tsaka. A tashi bayan asuba, a sauka kafin magariba, sannan a kowane gari a shiga tasha a tambayi direbobi halin da hanyar gaba ke ciki. Su ne suka bi ta jiya.

Daga Jalingo ta Bali za ka isa Serti, hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun ƙasa da ya kai shi a Nijeriya, kuma har yanzu akwai birin cimfanzi a cikinsa. Wannan yanki can baya ƙarƙashin Jamus yake, a cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanensa suka zaɓi Nijeriya. Ƙaramar hukumar da Gembu, babban garin Mambila, ke ciki tana amsa sunan Sardauna, wato Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa a lokacin ƙuri'ar. A Serti ka cika tanki, ka sa bakanike ya duba birki, ruwan lagireto da safaya. Kada ka ce sai gaba.

Don gaba kaɗan, a Mayo Selbe, hawan ke farawa. Hanyar ta naɗe dutsen kamar rawani, kwana bayan kwana, gefe guda bango, ɗaya gefen rami. Kunnenka zai toshe, ka haɗiyi yawu ya buɗe. Sa hannu waje ka ji: iskar da ta ƙona ka a ƙasa ta fara sanyi. Ƙa'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, saman Mambila kuwa ya kai kimanin mita 1,600 daga matakin teku. Wato digiri da dama ka baro a gindin dutse.

Kana ƙarasa hawa sai ƙasa ta buɗe. Tudu bayan tudu, ciyawa gajera kamar an yi mata aski, jajayen shanun Fulani masu dogon ƙaho, layukan bishiyar turare, ga tsoffin Land Rover da aka yi wa lodi har sama suna gurnani. A Nguroje ka sha kindirmo. A Kakara ka tsaya gonar shayi, ka ga yadda ake tsinke sabon toho kaɗai ana jefawa a kwando.

Yanzu batun tafiyar ƙafa. Mai yini ɗaya ya nufi kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa: kana cikin fili sai ka gangara duhuwar manyan itatuwa, ƙasa jiƙe, tsuntsaye na ta kuka. Mai ƙarfin gwiwa kuma ga Chappal Waddi a kan iyakar Kamaru, mita 2,419, ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijeriya. Wannan ba yawon la'asar ba ne. Sai da izinin hukumar gandu da ɗan jagora, a yi wani zangon a kan acaɓa, sauran da ƙafa, a kwana a hanya. A je tsakanin Nuwamba da Maris, don da damina hazo kan rufe tudu har ka kasa ganin na gabanka. Takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi ranar hawa, kafin azahar dunduniya ta yi bororo.

Saura saukowa, kuma a nan ne direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Kano zuwa Zariya ke shiga uku. Idan ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama ba ɗagawa, zai yi zafi, ka fara jin ƙauri, daga nan ka taka ka ji fanko. Sa mota a giya ta biyu ko ta ɗaya, injin ya riƙe ta, birki kuwa ka taka ka saki. In mai canza giya da kanta ce, mayar da ita kan L ko 2. Kada ka cire giya don tsimin mai. Ka yi hon kafin kowace kwana, ka ba mai hawowa hanya. Da ka ji ƙauri, nemi fili ka tsaya, a sa dutse a taya, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an watsa masa ruwa ba. In ka iso Mayo Selbe, sai ka tuɓe rigar sanyun ka jefa a but.