Ku daina lissafin buhu tun ranar shuka

(Laccar wani malamin gona a taron matasa manoman shinkafa a Argungu. An rubuta ta daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, barkanku da zuwa. Na baya kuna ji? To madalla.

Duk wanda ka tambaya a ɗakin nan zai gaya maka buhu nawa yake so bana. Wannan ya ce tamanin, wancan ya ce ɗari. Amma ka tambaye shi kwana nawa irinsa ya yi a wurin reno, sai ya hau sosa ƙeya. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Banki a Birnin Kebbi a 2015, maganar shinkafa ta koma maganar buhu da farashi. Alhali buhu ba a hannunka yake ba. Masunci a Matan Fada ba shi da iko a kan giwan ruwa, abin da yake da iko a kai shi ne ɗinkin homarsa da lafiyar gorarsa. Manomi ma haka. Abu huɗu zan faɗa, dukkansu aikin hannu ne: iri, dashe, taki, da yanka.

Na farko, iri. Kafin ka zuba, gwada shi. Ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe. In 80 ko fiye suka tsiro, bismilla. In ba su kai ba, kada ka zuba shi, ka tsira da kuɗin fetur ɗin ban ruwa na wata huɗu. Sannan ka zuba irin a bokitin ruwa, duk wanda ya taso sama ka kwashe, holoƙo ne. Ka jiƙa sauran kwana ɗaya, ka tsame a buhu kwana ɗaya ko biyu har ya fasa baki, sai ka kai wurin reno. Mai dashe kilo 25 zuwa 30 ya ishe shi hekta guda. Mai yafi kuwa sai ya ninka wannan, ko fiye.

To dashe. Nan ne zan ɗan zauna, ku yi haƙuri, don nan ne dukiya take zubewa ba a gani.

Yawancinku irin shinkafar nan FARO 44 kuke shukawa. Duka rayuwarta kwana 110 zuwa 120 ce. A cire ta daga wurin reno tana da kwana 14 zuwa 21. Ku maimaita: 14 zuwa 21. Me ya sa? Saboda shinkafa tana da lokacin yin 'ya'ya, kuma kowane ɗa shi ne zai fitar da kai. In ta yi kwana 35 ko 40 a cunkushe a wurin reno, kashi ɗaya cikin uku na rayuwarta ya tafi a matsi. Ka dasa ta, ta daɗe tana jinya, ta tashi da 'ya'ya kaɗan. Ko ka juye mata tirelar taki, kwanakin nan ba za su dawo ba.

Kuma kun san me ke jawo wannan? Ba lalaci ba ne. Mutum ne ke zuba iri tukuna, sannan ya tafi neman mai kaftu, ko ya tarar injin ban ruwa yana wurin gyara. Iri na tsufa, gona ba ta shirya ba. Saboda haka a juya tsarin: ranar da za ka zuba iri, ka riga ka san ranar da gona za ta kammala. In gonar babba ce kuma masu dashe kaɗan ne, raba renon gida biyu, da tazarar mako guda. Lokacin hunturu kuma, Disamba da Janairu, sanyi na rage mata saurin girma, to ka haɗa da kallon ganye, uku zuwa huɗu.

Wancan ƙanen nawa mai jar hula yana ta dariya, da alama nasa irin ya kai shekarun aure. Allah ya sa ba haka ba.

Tazara kuma santimita 20 ta kowane ɓangare, kamar taƙi guda. Ɗaure igiya, ka yi mata ƙulli a kowane taƙi, a bi layi. Ƙafa biyu ko uku a rami, kada a dunƙula goma. Zurfi kada ya wuce gaɓar yatsa, santimita biyu zuwa uku, don in ka binne ta da zurfi 'ya'yan ba sa fitowa da wuri. A wannan tazarar hekta guda na ɗaukar gindi 250,000. Ga lissafin da ya kamata ku riƙa yi: tsaya a gona bayan wata guda da dashe, ka zaɓi gindi goma, ka ƙirga 'ya'yansu, ka rubuta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Littafi na 'yan makaranta ya isa: ranar zuba iri, ranar dashe, ranar taki, litar fetur nawa. Baɗi shi zai gaya maka inda ka kauce.

Na nawa muke? Na uku ko? Mai tsaron lokaci yana ɗaga mini hannu. Taki: kamfa wajen dashe, yuriya a raba biyu, rabi lokacin 'ya'ya, rabi gab da ta ɗauki ciki. A cire ciyawa tukuna, a rage ruwa, a toshe mafita, in ba haka ba ka ba maƙwabcinka taki kyauta. Yanka kuma idan kashi 80 cikin ɗari na kan ya nuna, a janye ruwa kamar kwana goma kafin nan, a shanya a kan tamfol. Na'am, Baba, ga makirfo nan.

(Wani dattijo: Malam, duk mun ji. To wanda ya yi wannan duka, ruwa ya zo ya cinye, kamar yadda ya yi muna a 2020, mi za ya rubuta a littafin?)

Baba, Allah ya mayar da alheri. Wannan shekarar babu wanda ya manta da ita a Kabi, kuma ba wanda zai ce sakacin manomi ne. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara. Abin da za a rubuta shi ne ranar da ruwan ya shigo, inda ya tsaya, da kwanakin da ya yi. A kafa turke a wurin. Ƙasan turken nan, in za a yi na damina, a nemi FARO 66 ko FARO 67, an samar da su ne don jure nutsewa, suna iya yin kamar mako biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. Amma ba za su jure wata guda ba, kada a ruɗe ku. Inda ruwa ke kwana wata, a bar shi sai ya janye, a mayar da ƙarfi kan na rani, kuma a ɓoye irin ranin a tudu tun kafin watan Agusta. Wanda ke son ganin yadda ake ƙulla igiyar dashe ya same ni a waje bayan La'asar, na zo da guda biyu.